Sabon ganyen tumatirina yana komawa ruwan ɗorawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Ina noman tumatir a bututun roba, babu ƙasa, ruwa da taki kawai, a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Sati biyu ke nan ganyen sama yana komawa ruwan ɗorawa, jijiyoyinsa kuwa kore shar, na ƙasa lafiya lau.

Na zaci ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, na ƙara, shiru. Da na auna pH (wato ma'aunin tsami) na ruwan burtsatsenmu, 7.6 na samu, alhali 5.5 zuwa 6.5 ake so. In na sauke shi, washegari ya hau. Jiya na ɗago saiwa, ta fara yin ruwan ƙasa, ga ruwan tankin da ɗumi da rana.

Ruwan zan fara gyarawa ko saiwar? Don Allah a taimaka, duk jarina yana ciki.