Hoton Wikki ya hana mu sakat a gida

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ilham ta ga hoton wata ƙawarta a Instagram tana tsaye cikin ruwan Wikki na dajin Yankari a jihar Bauchi, ruwa garau kamar an tace, har yashin ƙasa ana gani. Tun ranar ba ta da zance sai Yankari. Babanta ya ce zai iya samun kwana huɗu a hutun Disamba. Ni kuwa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Bara muka ga bidiyon Gurara, ruwa na zuba kamar zai tsaga dutse, muka kwashi yara daga Kubwa a watan Fabrairu, muka tarar da duwatsu tsirara, ruwan na sauka a tsanake abinsa. Autana ya ce, "Mama, sun kashe famfon ne?" Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya gaya mini gaskiya don Allah.

Abba Lugbe: Hhhh sun kashe famfo! Anti, bidiyon damina kika gani. Gurara sai Agusta ko Satumba yake nuna kansa.

Yaya Sani: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, Wikki ba irin Gurara ba ne, ba ruwansa da damina ko rani. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa wajen digiri 31 ne dare da rana, duk shekara. Abin da ta gani a hoto haka yake. Da sanyin hunturu ma ya fi daɗi, ki shiga da asuba ki ji kamar an sirka miki ruwan wanka. Disamba kuma ba laifi ga masu son ganin dabbobi, don ciyawa ta fara bushewa suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa, ko da yake Fabrairu zuwa Afrilu ya fi. Sai dai kada ki yi wa yara alkawarin giwa. Akwai su, amma dajin ya fi murabba'in kilomita 2,000, mu sau biyu muna fita da motar zagaye, sawunsu kawai muka gani da kashinsu.

Anti Rabi: Sani ka bar babban zance. Birai! Babu mai saka su a hoto sai in sun yi zaman kirki. Ina zaune a ƙofar ɗaki da ledar burodi a cinyata, wani ƙaton gwaggon biri ya zo ya fizge, ya koma can gefe ya zauna yana kwance ƙullin ledar da yatsu kamar mutum, yana kallona. Ko gezau. Ƙanwata, ki rufe ƙofa da taga duk sanda za ki fita, kada yaro ya riƙe abinci a hannu a waje. Mota ma a kulle ta.

Maman Ilham: Innalillahi. Anti, ba sa cizo dai ko?

Anti Rabi: In ba a yi kokawa da su ba, abincin kawai suke so. In ya kama, a sakar masa.

Malam Habu: Ni hanyar nake dubawa. Daga Abuja sai Keffi, Akwanga, ku hau Hawan Kibo ku shiga Jos, sannan Bauchi, sannan ku ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima ku karya dama. Ko kun isa ƙofar dajin a Mainamaji, da sauran tafiyar sama da kilomita 40 kafin masaukin Wikki. Wannan ba tafiyar yini ɗaya ba ce da yara a mota. Ku kwana a Jos, kuma duk inda za ku, ku isa da rana tsaka ko la'asar. Ban yarda da tafiyar dare ba, ko wa ke tuƙi.

Bilkisu 'Yar Jos: Yauwa Malam, ka kawo su gida. Anti, tunda za ki bi ta wajenmu, ki ba Jos yini guda cur. Kafin ku gama hawan Kibo akwai ruwan Assop a gefen hanya, sai kuma Dutsen Riyom, wanda duwatsu suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Shi ne hoton da kowa ke sakawa in ya zo Filato. Gaskiyar magana, minti ashirin ya ishe ku a wurin, a ɗauki hoto a wuce. Inda yara za su daɗe shi ne gidan tarihi na cikin gari, wanda aka buɗe a 1952. A harabarsa an gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya da ƙasa, ga tukwane iri-iri, ga tsoffin mutum-mutumin yumɓu na Nok. Ba ya tashe a Instagram don ba shi da ƙyalli, amma ni duk baƙon da na kai sai na yi da gaske yake fitowa.

Abba Lugbe: Yaya Bilkisu, wannan koren ruwan da 'yan Jos ke ɗaukar hoto a bakinsa fa? Na ga wani a TikTok kamar ƙasar waje wallahi.

Bilkisu 'Yar Jos: Abba, ramukan kuza ne. Tun zamanin Turawa aka haƙa, aka tafi aka bar su, ruwa ya cika. Suna nan birjik a wajen Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Kyau kam akwai, amma zurfinsu ba na wasa ba ne, kuma bakin gangare ne, ba a hankali yake nitsewa ba. Mu da muka tashi a can, dukan da aka fi yi mana a gida kan zuwa wanka a irin wuraren nan ne. A tsaya daga sama a yi hoto, kada a bar yaro ya sa ƙafa.

Hajiya Talatu: Ku gaya mata sanyi. Jos ta haura mita 1,200 a sama, Disambarta ba ta Abuja ba ce. 'Yata ta je biki da leshi shara-shara don hoto ya yi kyau, ta dawo da mura ta sati biyu. Rigunan sanyi, safa, hula, man shafawa mai kauri. Sannan masauki: ni wani otal na kama saboda hotonsa a intanet, wurin ninkaya shuɗi shar. Da muka isa, busassun ganyaye ne a ciki da wata tsohuwar kujera. Yanzu sai na ce a ɗauko mini bidiyon ɗakin a ranar, da famfo a buɗe, kafin in tura ko sisi.

Yaya Sani: Hajiya ta faɗi gaskiya. Na Yankari ma ki kira ki tabbatar da ɗaki tun yanzu, ƙarshen shekara cika yake yi. Ki tafi da tsabar kuɗi, sabis ba shi da tabbas a cikin dajin, kada ki dogara da tiransifa.

Abba Lugbe: Ni dai Mambila ce a raina. Gonakin shayin Kakara, hazo na kwance a kan tudu, shanu na kiwo kamar an zana. Anti, ku canza shawara mu tafi Gembu, ni zan yi tuƙi.

Malam Habu: Kai yaro, kwana huɗun duk a hanya za su ƙare. Ka san hawan da ake yi bayan Serti kuwa? Ka tara hutunka ka je da abokanka.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga yadda na tsara: Alhamis mu kwana Jos, Juma'a bayan masallaci mu wuce Bauchi mu kwana, Asabar da sassafe Yankari, Lahadi mu kamo hanya da asuba. Bilkisu, a ina zan samu gwaten acca mai kyau? Babansu tun da ya ji Jos yake maganarsa.

Bilkisu 'Yar Jos: Gwate a gidanmu za ki sha, Anti, zan gaya wa Umma. In kuna dawowa ku tsaya Farin Gada ku cika but da dankali da kabeji da karas.

Anti Rabi: A ajiye mini kwando ɗaya na dankali, zan turo kuɗin.

Maman Ilham: To Anti. Ilham na nan kusa da ni tana karantawa, wai a tambayi Kawu Sani ko birin zai iya ƙwace waya.

Yaya Sani: In tana cikin leda, eh.