Gawayin maganin ciwon daji da na cikin batir, abu ɗaya ne?

Mai Gyaran Salula, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya, kuma ta dame ni ƙwarai. Gwaggona tana fama da ciwon daji na mama, an kai ta Yamai, likitoci sun fara mata magani. To sai ga wata murya tana yawo a WhatsApp ɗin danginmu, wai a Japan da gawayi ake kashe ciwon daji, saboda haka a daka gawayi a dama mata da ruwa safe da yamma. Har wasu daga cikin mata sun fara cewa a daina wahalar hanyar Yamai.

Ni dai aikina gyaran salula ne, na san akwai wani baƙin abu cikin batir da ake ce ma karbon, kuma an ce dangin gawayi ne. Shin maganar Japan ɗin gaskiya ce? In gaskiya ce, mene ne haɗinta da gawayin murhu? Don Allah masu ilimi ku taimaka kafin a ɗura wa baiwar Allah abin da zai cuce ta.

Malamin Kimiyya, Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba gwaggo lafiya. Maganar Japan tana da tushe, amma wanda ya yi muryar nan ya juya ta.

Tun 1994 wata cibiya a garin Chiba ta fara yi wa masu ciwon daji magani da iyon na karbon. Ana ɗaukar ƙwayar zarra ta karbon, a tuɓe mata elektaron ɗinta, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da ita, sai ta zama mai cajin lantarki. Wannan shi ne iyon. Da yake tana da caji, maganaɗisu na iya ja da juya ta, sai a yi ta zagaya da ita cikin wata ƙatuwar na'ura har gudunta ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na gudun haske, sannan a harba ta daidai kan ƙarin.

Abin da ya sa likitoci ke son ta shi ne wannan. Hasken da aka saba gasa ciwon daji da shi yana zubar da ƙarfinsa tun daga fata, ya ratsa ƙarin, ya wuce ta baya, duk naman da ya bi sai ya taɓa shi. Iyon ɗin karbon kuwa yana shiga da ɗan lahani kaɗan, sai ya sauke mafi yawan ƙarfinsa a wurin da ya tsaya. Likita ne ke lissafa zurfin, ya sa ya tsaya cikin ƙarin. Shi ya sa ake amfani da shi ga ƙari mai taurin kai da ke kusa da ƙwaƙwalwa ko laka, inda kuskure kaɗan ke jawo babbar ɓarna. Jamus ta buɗe tata cibiyar a Heidelberg a 2009, kuma ƙarfen da ke juya harbin iyon ɗin kewaye da majinyaci kaɗai ya haura tan 600. Duk Afirka babu irin wannan na'ura.

Ka ga ke nan ba sha ake yi ba. Gudun da cajin su ne maganin. Ko buhu goma na gawayi mutum ya sha, babu ƙwaya ɗaya da za ta je ta sami ƙarin.

Hajiya Mai Jinya:

Ɗana, ka tsaya tsayin daka, kada a ba ta. Mu ma a likita muna da gawayi, amma wanda aka sarrafa musamman har ya zama duk ƙananan ramuka. Ana ba wanda ya sha guba ko ya zarce da ƙwayoyi, kuma ya fi aiki in an ba shi cikin awa ɗaya. Yana kama gubar tun tana ciki, su fita tare ta bayan gida. Ba ya shiga jini ko kaɗan. Ko a gubar ma ba kowace ba, yaron da ya sha kananzir ko fetur ba a ba shi.

Abin da ke tsorata ni, gawayi bai san guba da magani ba. In gwaggonka tana shan ƙwayoyin da aka rubuta mata, yana iya riƙe su, ga kuma taurin ciki ga mai jiki ba ƙarfi. Na ga mata da yawa da suka bar zuwa ganin likita wata da watanni saboda irin waɗannan muryoyi, suka dawo ƙarin ya fashe yana ruwa, mu da su duka muna hawaye. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta fara gashi da haske tun 2021, da can sai an fita waje. Ku haɗa kuɗin mota, ku riƙe ranakun da aka ba ta.

Ɗan Sola, Sabon Gari:

Abokina, ɓangaren batir kuma ga abin da na sani. Baƙin da kake gani shafe a jikin siririn jan ƙarfe in batir ya buɗe, garafait ne, irin na bakin fensir. Shimfiɗa-shimfiɗa yake, in kana caji iyon ɗin sinadarin litiyom na shiga tsakanin shimfiɗun su zauna, ƙwayar karbon 6 na riƙe litiyom 1. In kana waya sai su koma ɗaya gefen. Akira Yoshino na Japan ne ya haɗa irin wannan batir da karbon a 1985, Sony ta fito da shi kasuwa a 1991, aka ba shi kyautar Nobel a 2019 tare da masana Goodenough da Whittingham. Zafi ne babban maƙiyinsa, shi ya sa watan Afrilu kake cika da batura masu kumburi. Kuma don Allah a daina huda su ko jefa su cikin wutar bola.

Wanda ni nake sa wa ido shi ne batir na sodiyom, sinadarin da ke cikin gishiri. Shi garafait ba ya karɓarsa da kyau, sai wani karbon mai tauri da ake samu in an ƙona abin tsiro a zafin da ya kai digiri 1000 ko fiye, ba tare da iska ba. Masu bincike sun gwada ɓawon kwakwa, sun gwada har ɓawon gyaɗa. Kamfanin CATL na Sin ya nuna nasa batir ɗin sodiyom a 2021. Mu da muke zaune a ƙasar gyaɗa, kuma muka ɗanɗana duhu lokacin da aka yanke kuran, wato wutar lantarki, daga Najeriya a 2023, ina ganin ya kamata ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi su duba wannan da gaske.

Mai Gyaran Salula, Ali Ɗan Sofo:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, na karanta wa Baba bayaninka, ya ce ba mai ba ta komai sai da izinin likita. Hajiya, ɗiyarta ta shaida mini an riga an ba ta sau biyu a ɓoye kafin in sani. Ranar Litinin za mu koma Yamai, in gaya wa likitan ko a bar maganar?

Hajiya Mai Jinya:

Ka gaya masa, har da ranakun da lokacin da ta sha, da ko kusa da shan ƙwayoyinta ne. Ba zai yi faɗa ba, yana buƙatar sani. Kuma ka tambayi ɗiyar a hankali ko akwai wani jiƙon da ake ba ta bayan gawayin, shi ma ku tafi da shi ya gani.