Wace rigar iska ta dace da nutso a ruwan sanyi na Brest?

Ɗan Lagdo, Garwa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. A bakin Binuwai na tashi, amma nutso da kwalbar iska a Hurghada na koye shi lokacin da nake karatu a Masar, inda ruwan Bahar Maliya ke tsayawa wajen digiri 22 ko a tsakiyar hunturu. Yanzu Allah ya nufa zan tafi Brest ta yankin Bretany a Faransa ƙarin karatu, kuma an gaya mini ruwan can yakan sauka zuwa digiri 10 a Fabrairu da Maris. Rigar iskar da nake da ita, wato wadda mai nutso ke hura wa iska don daidaita tashinsa da nutsewarsa a ruwa, Faransawa kuma ke kira stab, ƙarama ce irin ta matafiya, kuma abin da aka rubuta a jikinta shi ne tana ɗaga kilo 11. Shin za ta ishe ni, ko in sayi babba? Idan saye ne, in ɗauki mai kamar falmaran, ko mai jakar iska a baya da farantin ƙarfe? Kuɗin hannuna ba su da yawa, ba na son in yi saye biyu.

Baƙon Bretany, asalin Marwa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina nutso a wannan gaɓar, kuma shawarata ita ce kada ka sayi komai tukuna, domin rigar iska ita ce ake zaɓa daga ƙarshe, bayan mutum ya san rigar ɗumin da zai sa da kwalbar da zai goya. Dalili kuwa, aikinta shi ne ta maye maka gurbin abin da ka rasa a ƙarƙashin ruwa. Rigar roba mai kaurin milimita 7 cike take da ƙananan kumfan iska, saboda haka a saman ruwa tana tura ka sama da ƙarfi har sai ka ɗaura dalma mai yawa kafin ka nutse. Da ka kai mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama, a mita 30 ya zama ninki huɗu, kumfan nan sun matse, rigar ta zama sirirriya, alhali dalmar tana nan da nauyinta. Wannan giɓin ne rigar iska za ta cike. Ka ƙara da nauyin iskar kwalba: a nan yawanci kwalbar ƙarfe ce mai lita 12 ko 15, kuma mai lita 15 da aka cika bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana ɗauke da iska lita 3,000, wato kusan kilo 3 da rabi ko fiye da haka kaɗan, wanda a farkon nutso duk nauyi ne a kanka. Idan ka haɗa waɗannan, kilo 11 ya yi maka kaɗan a ganina. Tsakanin 15 da 18 ne na fi gani a hannun masu kwalba ɗaya. Yawancin ƙungiyoyin nutso da ke ƙarƙashin FFESSM, wato babbar ƙungiyar masu nutso ta Faransa, suna ba mambobinsu aron kaya, sai ka gwada iri biyu ko uku kafin ka fitar da ko yuro ɗaya.

Mai Kwalba, Injamena:

Na yarda da Yaya na Marwa a kan jinkirin, amma idan lokacin saye ya zo ni dai farantin ƙarfe da jakar baya zan ce ka ɗauka, kuma ba na ɓoye cewa shi nake so. Farantin baƙin ƙarfe marar tsatsa yana da nauyin kilo 2 da rabi zuwa 3, kuma wannan nauyin yana kwance a gadon bayanka daidai saman huhu, sai ka rage dalmar ƙugu da kwatankwacin haka. Wanda ya taɓa ɗaura kilo 10 a ƙugu ya san yadda ƙafafu ke rinjaya ƙasa da yadda baya ke ciwo bayan an fito. Haka kuma ƙirjinka a sake yake, babu abin da ke matse haƙarƙari idan ka hura iska, kuma idan jaka ta lalace ita kaɗai za ka canza. Aibinsa ɗaya da ya kamata ka sani: a saman ruwa, idan ka cika jakar tam, takan so ta kifa ka da fuska, sai ka koyi rage iska ka jingina baya.

Hajiyar Kuseri:

Ɗana, bari in tsoma baki, domin akwai abin da ba a taɓo ba. A ruwa mai digiri 10 ba lallai ne ka jure rigar roba ba, musamman kai da jikinka ya saba da zafin Garwa, kuma da wuya shekara ta zagayo ba ka koma busasshiyar riga wadda ruwa ba ya shiga ba. Ita ma ana hura mata iska, to ka ga kana da wurin iska biyu da za ka lura da su lokacin hawowa. Iskar da ke cikinta ta rage matsi ce da kawo ɗumi, kada ka mayar da ita madadin rigar iska, domin idan ta yi yawa ta gangara ƙafafu, mutum yakan tashi sama ƙafa a gaba ba tare da ya iya tsayawa ba. Wannan sai an koya a wurin malami, a ruwa marar zurfi. Kuma ko da busasshiyar riga, kada ka rage girman jakar iska, saboda ranar da ruwa ya cika rigar, jakar ce kaɗai za ta riƙe ka.

Ina da ja da Malam na Injamena a wuri guda. Kada sha'awar faranti ta sa ka mayar da dukan nauyinka wanda ba ya cirewa. Ka bar wasu kilo a bel ko a aljihun da za ka iya yarwa da hannu ɗaya. Ranar gwaji kuma ka sa safar hannu mai kauri, ka lalubi maɓallan hura iska da igiyoyin sakinta ido a rufe, domin yatsun da sanyi ya kama ba sa jin ƙaramin maɓalli. Ka duba abin shaƙar iskarka ma: idan an rubuta masa EN 250, wato ƙa'idar ingancin abin shaƙar iska ta Turai, tare da alamar sama da digiri 10, ba na ruwan sanyi ba ne, yana iya daskarewa ya riƙa zubar da iska.

Ɗan Lagdo, Garwa:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, na duba nawa kuma alamar tana jiki. Saura abu ɗaya: yaya zan san yawan dalmar da ta dace da ni a can?

Baƙon Bretany:

A ƙarshen nutso za ka gane, ƙanena. Idan kwalba ta sauka bar 50, ka tsaya a mita 3 zuwa 5, ka fitar da iskar rigar gaba ɗaya. Idan ka tsaya cak da numfashi na yau da kullum, dalmarka ta yi daidai. Idan kana nitsewa, ka rage kilo ɗaya a nutso na gaba. Kada ka dogara da lissafinka na Hurghada, domin gishirin Bahar Maliya ya fi na Atlantika kuma rigar ba ɗaya ba ce. In kuwa ka dawo hutu ka shiga tafkin Lagdo da kayan nan, ka cire kusan kilo 2 da rabi a kowane kilo 100 na nauyinka da kayanka, tunda ruwan daɗi bai kai na teku ɗaga mutum ba.