Shin ƙwayoyin da ake haɗawa daga farin wake suna rage sukarin jini?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Mahaifina ya shekara shida yana fama da ciwon sukari nau'i na biyu, yana shan metformin safe da yamma. Kwanan nan aka kawo masa wata kwalbar ƙwayoyi da aka haɗa daga farin wake, an rubuta a jikinta cewa suna hana sitaci komawa sukari a hanji. Ina roƙon masu sani su faɗa mini gaskiyar wannan magana, domin Baba ya fara zancen ajiye maganin asibiti.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar tana da tushe. Sitacin da muke ci ba ya shiga jini kai tsaye, sai wani sinadarin narkar da abinci mai suna alfa-amilez, wanda ke cikin yawu da ruwan fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi), ya farfasa shi, sannan alfa-gulukosidez da ke bangon ƙaramin hanji ya ƙarasa mayar da shi gulukos, wato sukarin da ke shiga jini. Farin waken da ake haɗa ƙwayoyin da shi, wanda masana ke kira Phaseolus vulgaris (ba irin waken da muka saba ci ba ne), yana ɗauke da wani furotin da ke maƙalewa jikin alfa-amilez ya hana shi aiki, kuma tun 1975 aka laƙaba masa suna phaseolamin. Maganin ciwon sukari mai suna acarbose ma makamanciyar wannan hanya yake bi, sai dai shi ya fi hana alfa-gulukosidez aiki.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi bayani, amma akwai inda gizo ke saƙa. Wani ɓangare na sakamakon da masu talla ke yaɗawa, a cikin kwalbar gwaji aka same shi, inda aka zuba sitaci da sinadarin wuri guda babu abin da ya shiga tsakani. A cikin mutum kuwa, dole furotin ɗin ya ratsa ruwan ciki mai tsami kafin ya isa hanji, don haka ba lallai ne sakamakon ya zo ɗaya da na kwalbar gwaji ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, na gajeren lokaci, kuma sakamakonsu bai zo ɗaya ba. Kada kuma wani ya ce zai niƙa ɗanyen wake ya sha don ya samu sinadarin kafin dafuwa ta kashe shi, domin ɗanyen jan wake musamman yana da wani furotin mai suna lektin da ke jawo amai da gudawa, sai an tafasa shi sosai aƙalla minti 10 yake lalacewa.

Amsa ta uku:
Ni dai shawarata ita ce kada Baba ya taɓa metformin ɗinsa, Allah ya ƙara masa lafiya. Dafaffen wake a matsayin abinci yana taimakawa, saboda ɓawonsa da zare-zaren da ke cikinsa (fiber) suna jinkirta hawan sukari bayan cin abinci. Idan ya nace sai ya gwada ƙwayoyin, ku kai wa likitansa kwalbar ya duba, ku kuma riƙa auna sukarinsa awa biyu bayan cin abinci. Ya kuma shirya wa kumburin ciki da yawan iska, domin sitacin da bai narke ba babban hanji yake gangarawa, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a can su yi aiki a kansa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ajiye kwalbar a jakata, ranar Talata za mu je asibiti tare da shi.