Me ya sa "ch" ke da furuci har uku a Turanci?

Ɗalibar_Harshe:
Assalamu alaikum malamai. Ga chair, ga chef, ga character. Duka da "ch" suka fara, amma ta farko ana furta ta da "c", ta biyu da "sh", ta uku da "k". Akwai ƙa'ida ne, ko sai dai a haddace? Sannan colonel, ina aka samo sautin "r" da Amurkawa ke sa mata?

Malam Mai-Ƙamus:
Wa alaikumus salam. Akwai ƙa'ida, Malama, sai dai ba a jikin haruffan take ba. Abu biyu za ki tambaya: daga wane harshe aka aro kalmar, kuma yaushe.

Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa suka kwararo cikin Turanci. A wancan zamanin Faransawa da kansu "c" suke furta "ch", shi ya sa chair, chain, chance da chief suka zauna da wannan sautin. Daga baya bakin Faransawa ya juya, "ch" ta koma "sh". Duk abin da aka aro bayan wannan sauyin sai ya zo da sabon sautin: machine, champagne, brochure, parachute. Chief da chef ma kalma ɗaya ce, ma'anarta "kai" ko shugaba. An aro ta sau biyu ne, na biyun a ƙarni na 19, da nufin shugaban masu girki.

Mai sautin "k" kuma daga Girkanci take, inda Rumawa suka riƙa rubuta wani harafin Girkawa da "ch". Nan za ki sami character, chorus, chaos, echo, stomach. Galibinsu kalmomin ilimi ne, na likitanci, kiɗa ko addini. In "ch" ta zo kafin "r" ko "l", kamar chronic da chlorine, kusan kullum "k" ce.

Inda ake tuntuɓe shi ne arch. A archbishop "c" ce, amma a architect, archive da archangel "k" ce. Yacht kuwa daga harshen Holan take, ba a furta "ch" ɗinta ko kaɗan.

Hajiya_Nahawu:
Allah ya ƙara basira, Malam. Bari in ɗauki ta colonel. Tushenta Italiyanci ne, colonnello, wato mai jagorantar jerin sojoji. Da ta shiga Faransanci sai "l" ta farko ta rikiɗe "r", aka sami coronel, kuma a haka Ingilishi ya karɓe ta a ƙarni na 16. Daga baya marubuta suka mayar da rubutun zuwa ga na asali, baki kuma ya ƙi bi. Shi ya sa take fita daidai da kernel, gaɓa biyu kacal.

Irin wannan gyaran ne ya cusa "b" a debt da doubt, da "p" a receipt. Da can dette ake rubutawa, masana suka ƙara harafin don ya nuna tushen Latin, amma ba a taɓa furta shi ba.

Ki lura da ƙarshen kalma. Sabbin aron Faransanci kan haɗiye baƙin ƙarshe: ballet, depot, debris, coup. Corps ma "p" da "s" duk shiru suke, in kika furta su kin ce corpse, wato gawa. Na Girkanci kuwa akasin haka ne, "e" ɗin ƙarshe ana jin ta: epitome da catastrophe gaɓa huɗu-huɗu ne, haka sunan Penelope.

Abu_Fassara:
Ni abin da ya fi damuna ma'ana ce, don kuskuren furuci mai saurare kan gyara a ransa, na ma'ana kuwa yana wucewa ba a sani ba. Kalmar aro ba ta cika riƙe ma'anarta ta gida ba. Entrée a Faransa abincin buɗe ciki ne, a Amurka kuwa shi ne babban abincin. Latte a Italiya madara ce zalla. Alcohol daga Larabci take, al-kuhl, wato kwalli. Ta koma nufin duk wani gari mai laushi ko abin da aka tace, sannan ta tsaya kan sinadarin giya. Magazine daga makhazin, rumbunan ajiya, shi ya sa har yau take nufin mujalla da kuma gidan harsashin bindiga. Saboda haka kada mai fassara ya dogara da sanin harshen asali, ya duba yadda Turawa ke amfani da ita yau.

Malam Mai-Ƙamus:
Haka ne. Ga yadda za ki riƙa yi, Malama. Buɗe ƙamus mai alamomin furuci, irin na Oxford ko Cambridge. Alamar ʃ ita ce "sh", tʃ ita ce "c", ə kuma wasali ne mai rauni da ba a danna shi. Ƙaramin layin da ke sama kafin gaɓa yana nuna inda ake ƙarfafa murya. Ki saurari furucin Ingila da na Amurka duka, ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai, don sukan saɓa: garage Ingila a gaɓar farko take dannawa, Amurka a ta biyu, schedule a Ingila "sh", a Amurka "sk".

Sunaye kuwa ƙa'ida ba ta isa ba. Chicago da Michigan "sh" ne saboda Faransawa ne suka fara rubuta su daga harsunan 'yan asalin yankin. Kansas ana furta "s" ɗin ƙarshe, Arkansas kuwa "Arkanso" ake cewa, har majalisar jihar ta tabbatar da haka a 1881. In sunan mutum ne, ki tambayi mai sunan yadda yake faɗinsa, don Charlotte "sh" ce, Charles "c", Chloe kuma "k".