Hanyar White Rim a Utah: sabon da na yi da burjin Kachia zai ishe ni?

Direban Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Shekara 19 ina kai taki ƙauyukan Kachia da Hilux, ba taɓon da ban shiga ba. Yarona da ke karatu a Salt Lake City, jihar Utah ta Amurka, ya ce in na je bikin kammala karatunsa a watan Mayu, zai kai ni White Rim, cikin gandun Canyonlands. Ya turo min hoton gangarar Shafer, inda ake sauka zuwa White Rim ɗin: hanya ta nannaɗe a jikin dutse kamar rawani, hagu bango, dama kwazazzabo mai zurfin gaske. Tun daren nan hoton bai bar raina ba. Ni nake so in riƙe sitiyari, amma ba zan sa ran ɗana cikin haɗari ba. Wanda ya san wurin ya faɗa min gaskiya.

Bakanike na Panteka: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban taɓa zuwa ba, amma na san abin da doguwar gangara ke yi wa mota. In ka ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, kafin ka kai ƙasa ya yi zafi ya daina ci. Ka sa giya ta ɗaya, inji ya riƙe ta. Ku tafi da safaya mai lafiya da jak.

Ɗan Barnawa a Moab: Baba, na bi hanyar White Rim sau biyu. Tsawonta wajen kilomita 160, masu neman ma'adinin yuraniyom aka yi wa ita a shekarun 1950. Babu gidan mai, babu ruwan sha, waya ma da wuya ta kama. Sai da takardar izini ake shiga, ko da wuni ɗaya za ku yi, kuma dole motar ta zama doguwa mai jan ƙafa huɗu. Shafer ido take tsoratarwa. Inda hannuna ya yi gumi shi ne hawan Murphy Hogback: hanya ta tsuke, duwatsu na zamewa ƙarƙashin taya, hancin mota ya ɗaga har sararin sama kaɗai nake gani. In kun haɗu da wata mota, mai hawa ake ba hanya. Sannan Mayu ne lokacin da ƙanƙarar duwatsu ke narkewa, kogin Green kan cika ya shanye hanyar ta yamma. Ku tambayi ma'aikatan gandun kafin ku tashi. In hadari ya haɗu, ku fasa. A Kachia in ka maƙale matasa za su fito su tura ka, can kuwa kuɗin janwe kan wuce dala 1,000.

Direban Unguwar Rimi: Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Na gaya wa yaron ya nemi izinin kwana biyu, kada mu yi gaggawa. Jarkar ruwa nawa kuka ɗauka, ku nawa ne a motar?