Musayar waƙa: jirgin da ya faɗi a Kano ran 24 ga Yuni 1956

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar hadari ya haɗo ta gabas ina tsaye a hanyar filin jirgi sai naga wani jirgi ya tashi ya shige baƙin gajimaren nan, wallahi sai da gabana ya faɗi, nan take na tuna jirgin BOAC ɗin nan, kamfanin jiragen saman Birtaniya na wancan lokacin, da ya faɗi anan Kano a 1956 zamanin Sarki Sanusi. Ga nawa, amsa-amon "wa" ne, mai iyawa ya ɗora.

Ran Lahadi 24 ga watan Yuni,
Jirgi ya zo Kano yana hutawa.
Daga Ikko ya taso, Landan ya nufa,
Tarabulus ce ta gaba wurin tsayawa.
Mutum 45 ne a cikinsa,
Kowa da mai jiransa da ɗokin isowa.
Biyar ta gota, sama ta haɗe rai,
Ya ja a guje ruwa yana zubowa.

'Yar Gwammaja:
Yaya Ɗan Fagge ka taɓo min inda ke min ciwo, ni fa har yau abin bai kwanta min ba.

Matuƙi ya ga hadari da idonsa,
Me ya hana shi ɗan dakatawa?
Manomi ma in gabas ta yi duhu,
Gida yake yi tun kafin saukowa.
Rai 32 ba abin wasa ba ne,
Ai sauri shi ke haifar nawa.

Tsohon Makanike:
'Yata ki sassauta. Jirgin nan Argonaut ne mai inji 4 na farfela, kuma tashi cikin ruwa ba baƙon abu bane ga matuƙa ko a yau ma, matsalar ita ce yana kaiwa kamar ƙafa 250 kacal sama iska ta juya masa lokaci guda, kwamitin binciken ma abinda ya gano kenan, wani ƙullin hadari ne da babu mai iya hango shi da kayan aikin wancan lokacin.

Iskar da ke gabansa tana ɗaga shi,
Ƙiftawar ido ta yi juyawa.
Ta koma bayansa, gudu ya karye,
Fiffike ya rasa abin takawa.
Ya ba injinan wuta har ƙarshe,
Ƙasa na matsowa, jirgi na nutsewa.
Mil ɗaya da rabi daga ƙarshen titi,
Bishiya ta tare, babu wurin kaucewa.

Malam Na Ƙofar Mata:
Allahu Akbar.

Fasinja 29 kwanansu ya ƙare,
Ma'aikata 3 suka bi su wucewa.
13 suka fita daga wannan jirgi,
Mai sauran shan ruwa ba ya mutuwa.
Kujera kusa da kujera suke zaune,
Ɗaya ya tafi, ɗaya na tsirawa.

'Yar Gwammaja:
Baba Makanike na ji kuma na janye maganata akan matuƙin, Allah ya yafe min. Amma Malam ni ƙaddara bata hana ni tambaya gaskiya.

Na yarda ajali ba ya jinkiri,
Amma raƙumi ana ɗaurewa.
Shin wannan iska an gano kanta,
Ko har yau tana nan tana kayarwa?

Tsohon Makanike:
Yawwa tambayar da nake jira kenan. An gano ta amma sai da aka ƙara rasa rayuka, kuma abinda ke sa tsigar jikina tashi shine ranar ɗaya ce, 24 ga Yuni 1975, shekara 19 cif bayan na Kano, wani jirgin kamfanin Eastern na Amurka ya faɗi yana shirin sauka a New York cikin hadari mutum 113 suka rasu. Daga binciken wannan ne Farfesa Fujita, ɗan asalin Japan dake jami'ar Chicago a lokacin, ya nuna cewa akwai iskar da ke faɗowa daga gajimare kai tsaye ta daki ƙasa ta bazu ta ko ina kamar ka juye bokitin ruwa a siminti, da farko ma masana da yawa basu yarda da shi ba.

Iska ce mai faɗowa kamar guduma,
Ta daki ƙasa ta yi tarwatsewa.
Na Kano sun gamu da ita ba ta da suna,
Ba na'urar da ke iya faɗakarwa.
Yau jirgi na da mai yi masa gargaɗi,
Matuƙi ya ji ya yi janyewa.

Ɗan Fagge:
Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan na New York ɗin ban taɓa ji ba sai yau. Yanzu roƙona ga dattawan dake cikinmu ko masu kakanni a unguwannin bayan filin jirgi, a tambayo mana.

Wa zai nuna min gurbin bishiyar nan,
Ko gidaje sun gama cinyewa?
Wa ya ruga da gudu a wannan yammaci,
Ya ciro na raye cikin ruwa da ƙonewa?
In kakanka ne ka kawo mana baiti,
Ina nan har isha ina saurarawa.